Gadon Da Ya Ƙi Maƙalewa

Sau huɗu na shiga Alƙahira da idona a buɗe. A karo na biyar jan hannuna aka yi. Idona na hagu ya daɗe da mutuwa, tun wani hatsarin mota a hanyar Kwatano. Na dama kuwa, wanda na shekara ashirin ina lallaɓawa, wata safiya sai na ga kamar an sako baƙin labule daga sama ya rufe rabinsa. Likitan Kano ya ce tantanin bayan idon ne ya ɗaye, in ba a liƙe shi da wuri ba, duhu ne har kabari. Haka na sauka a garin da na sani ina riƙe da gefen mayafin matata, Hajiya Asabe, wadda ban da Makka ba ta taɓa zuwa ko'ina ba.

"Alhaji, kai ne mai ƙasa goma sha ɗaya da harshe biyar," in ji ta a layin buga fasfo. "To yau ni ce direba. Ɗaga ƙafa, akwai tudu."

Wanda ya tarbe mu ɗan garinmu ne, ana ce masa Ustaz Kabiru. Karatu ya kawo shi shekarun baya, karatun ya ƙi ƙarewa, ya koma dillancin marasa lafiya: ya nemo maka likita, ya nemo maka gida, ya yi maka tafinta. Ba ya rufe magana sai ya ɗaura mata "tamam", wato daidai, a wutsiya. Ya kai mu wani gida mai kayan ɗaki a unguwar Mohandessin, hawa na uku, ya shimfiɗa takarda a tebur.

"Baba Alhaji, wata biyu cur, tamam. Ga inda za ka sa hannu."

Ina karanta Larabci tun ba a haife shi ba. Amma ranar nan rubutu da tafiyar tururuwa duk ɗaya suke a wurina. Ya kama yatsana ya ɗora a kan layi, na sa hannu. A Jidda na ƙi sa hannu a takardar da ban karanta ba, a Dubai na ƙi, a ƙasar Sin na taɓa kwana uku ina gardama kan layi guda. Sai a hannun ɗan gida na miƙa wuya.

An yi kwana goma ana saukar mini da sukari kafin a taɓa idon. Asibitin yana Ma'adi, unguwar da ban gani ba amma na ji sanyin itatuwanta a fuskata. Likitar mace ce, muryarta irin ta shugabar makaranta. Bayan aiki ta zauna a gefena, ta kira ni Hag, yadda suke faɗin Alhaji, ta ce:

"Ya Hag, ka saurara da kyau. Na liƙe tantanin, na hura kumfar iska a cikin idon don ta danne shi har ya kama. Kumfa sama take tashi. Saboda haka kwana goma fuskarka na kallon ƙasa: a kwance, a zaune, a wajen cin abinci. Ba girgiza, ba doguwar tafiya a mota, ba jirgin sama sai kumfar ta narke. In ka ɗago kai ya ɗaye, ban yi maka alkawarin zan iya mayar da shi ba. Kuma ba ka da wani idon a ajiye."

Muka koma Mohandessin a hankali, ina kife a kan cinyar Hajiya, tana zagin direba da Hausa duk sanda ya hau tudun titi. A gida ta ja katifar wani gadon ƙarfe baya kaɗan, ta naɗe tawul ta ɗora mini goshi a kai, yadda fuskata za ta leƙa ƙasa ta tsakanin katifa da kan gadon. Abin da nake gani kawai launin daɓe ne, dishi-dishi kamar ta cikin ruwan kwano. Salla a zaune nake yi, kai a sunkuye.

"Allah ya sa wannan doguwar sujada ta kankare maka wani abu," in ji ta.

Wanda bai taɓa kifewa kwana uku ba bai san nauyin kansa ba. Wuya ya ƙage, ƙirji ya yi tsami, dare da rana suka haɗe. Na yi kewar abubuwan da ban taɓa zaton zan yi kewa ba: ƙarar injin markaɗe na maƙwabta, da mai kiran sallar unguwarmu da ke shaƙewa a tsakiyar kira. Kunne ne kaɗai ya rage mini hanyar fita.

Gidajen Alƙahira suna da wani rami a tsakiya, daga ƙasa har sama, wanda tagogin kicin da na banɗaki ke buɗewa cikinsa. Manwar suke ce masa. Duk sirrin gida ta nan yake hawa. A rana ta uku, bayan la'asar, sai na ji wani kiɗan ƙaho da kuge yana tasowa daga hawa na biyu. Sai muryar wani tsoho mai maƙoƙo ta biyo baya, yana tari, yana ƙorafi da Kantonanci, harshen mutanen Hong Kong da kudancin ƙasar Sin. Na san tarin nan. Na san abin da zai faɗa bayan tarin. Na fara dariya tun bai faɗa ba.

"Innalillahi," in ji Hajiya. "Kar dai fim ɗin nan ne ya biyo mu har Masar?"

Shi ne.

Ina ɗan shekara ashirin da biyu na kama aiki a wani kamfanin kwanuka a Bompai, na mutanen Hong Kong. A bakinsu na tsinci harshen, daga zagi na fara, kamar kowa. Duk shekara in bikin sabuwar shekararsu ya zo, sai su kafa majigi a ɗakin cin abinci, su haska fim ɗaya tilo, ba sa sauyawa. Labarin wani tsohon mai gyaran takalma ne da ke hayar wurin gado ɗaya a wani cunkusasshen gidan bene. Mai gidan, wanda ke zaune a can sama, ya so ya kore shi ya zuba mutum uku a wurin. Tsoho ya ce shi ba ya sauka, sai dai a ɗauke shi da gadonsa. Aka kira 'yan dako suka ɗauka. Suna isa kwanar matakala gado ya maƙale, ba sama ba ƙasa. Ranar kuwa ake ɗaura auren 'yar mai gida. Dangin ango da kayan lefe da mai gidan kansa da ƙatuwar matarsa, kowa sai ya yi rarrafe ta ƙarƙashin gadon tsoho, shi kuwa yana kwance yana shan shayi yana yi musu barka da wucewa.

Leburorin Kano ba sa jin ko kalma ɗaya, amma har faɗuwa suke yi daga benci. Daga nan in fomal, shugaban leburori, ya zo tayar da mutum daga injinsa ba gaira ba dalili, sai mutumin ya rungume benci ya yi tarin nan, fomal ɗin ya rasa yadda zai yi ya fashe da dariya. Na ɗauka abin na cikin kamfani ne. Sai da na fara fatauci na ga ba haka ba ne. A Hong Kong na ga wata tsohuwa mai sayar da lemo ta haye kan kurarta da 'yan sintiri suka zo kwashe ta, jama'a suka kewaye suna tari gaba ɗaya. A Gwanzo ta ƙasar Sin wani mai masauki ya ce mini, yana murmushi, in dai ba zan hau masa gado ba to mu shirya. Finafinan Indiya sun koya wa Kano waƙa. Misirawa ma suna da tsofaffin finafinan barkwancinsu, kowane direban tasi ya haddace su, yana jefa maka a tsakiyar ciniki. Amma ban ga inda fim ya zama makamin talaka kamar wannan ba. Ya koya wa mutanensa yadda za su ƙi tashi ba tare da sun daki kowa ba.

Na ce wa Hajiya ta buɗe tagar banɗaki sosai. Na tattara numfashi, fuskata a ƙasa, na ƙwala da Kantonanci:

"Maƙwabci! Ƙara murya, sun kusa kwanar!"

Fim ya tsaya cak. Ba a yi minti biyar ba aka buga ƙofa.

Sunansa Lam, shekarunsa sun kusa nawa. Shi da matarsa suna da rumfar kayan waya a kasuwar Ataba, sun haura shekara goma sha biyar a Masar. Na kira shi Lam-sang, ita kuma Lam-tai, yadda suke girmama magidanci da matarsa. Shi ya kira ni A-bak, wato baffa. Ban ga fuskarsa ba. Silifas ɗinsa shuɗi na gani, da farin yatsunsa. Ya tsuguna har ƙasa ya leƙo ni ta ƙarƙashin gado.

"Baƙin mutum, a kife, a Alƙahira, yana magana kamar ɗan dakon tashar jirgin ruwa," ya ce. "A-bak, ko na mutu ne ban sani ba?"

"Wanda ya koya mini ɗan dakon ne. Ka yi haƙuri da abin da ka samu."

Ya kawo na'urarsa ya ajiye a gefen gado, muka saurara tare. Na tambaye shi sau nawa ya kalla. Ya ce ba ya ƙirgawa, duk Juma'a ne, ranar da ba ya buɗe rumfa.

"Jikokina in na yi musu magana a waya da harshenmu, da harshen makaranta suke ba ni amsa," ya ce. "Suna ji, amma kunya suke. A fim ɗin nan kaɗai nake jin zagi irin na uwata. Da aka zo rushe lungunmu, ita ma gadonta ta sa aka fitar tsakiyar hanya, tana da shekara tamanin."

"Ta hana rushewar?"

"Ina fa. Amma duk unguwa an yi dariya, masu rusau suka yi aikinsu kai a ƙasa."

Na tuna jikokin ƙanena a Jidda da ke amsa sannu da Larabci.

Kashegari Lam-tai ta hawo da kunun shinkafa da kifi. Hajiya ta tsaya tana duban kwanon da zargi. Matar ta koma ƙasa, ta dawo da tukunya sabuwa fil, takardar kanti na manne a gindinta, ta nuna mata, ta nuna kifin, ta nuna sama. Hajiya ta karɓa. Daga ranar suka ƙulla hira, wannan da Hausa, waccan da Kantonanci, kuma ban taɓa jin sun nemi tafinta ba.

A wannan rana ta huɗu, da hantsi, baƙin takalmi mai sheƙi ya shigo ɗakin, ƙamshin turare na biye da shi. Mai takalmin ya ce da murya mai kauri shi ne Hag Sabri, mai gidan. Ya yi mini sannu da jiki, sannan ya ce gobe da azahar yake son makullinsa, wasu iyali daga ƙasashen Larabawa na Gabas sun kama gidan na duk lokacin zafi.

Na ce wata biyu muka yi. Ya ce kwana goma sha biyar. Ya karanta mini takardar da bakinsa, Lam, wanda ya hawo duba ni, ya ɗauki hotonta ya kai wa mai gadin gidan ya sake karantawa. Kwana goma sha biyar ne. Hajiya ta kira Ustaz Kabiru sau tara, waya a kashe.

"Ya Hag," na ce, "saura kwana shida likita ta sake ni. Idon nan shi kaɗai gare ni."

"Ma'alish, sai haƙuri. Allah ya ba ka lafiya. Ni da dillalinka na yi magana, kuma mutane sun riga sun taso."

Ya fita. Lam ya buga waya wurare, ko'ina a cike, lokacin baƙi ne. Inda aka samu kuwa sai an yi tafiyar awa guda a kan titunan da likita ta hana ni. Lam-tai ta yi magana a taƙaice: a sauko da ni hawa na biyu, gidansu ba na Hag Sabri ba ne, in sunkuyar da kai in taka matakala ashirin a hankali, magana ta ƙare. Na fassara wa Hajiya, ta ce wannan mata Allah ya yi mata albarka.

Da na bi maganar matan nan da ba abin da zan rubuta. Amma raina ya ɓaci. An kama yatsana an cuce ni, yanzu kuma a ce in lallaɓa in fice kamar ɓarawo? Sai na ji Lam ya yi wani ɗan tari.

Na amsa masa da tari.

"A'a," in ji Hajiya. "Alhaji, a'a. Na san tarin nan. Shekara arba'in ina jin sa."

"Matakalar nan tana karya kwana sau biyu kafin ƙasa," in ji Lam cikin murna. "Baƙinsa za su iso da akwatuna. Na'urar hawa ba ta ɗaukar mutum uku. Ta ina za su bi?"

Lam-tai ta faɗi wata kalma da ban ji irinta ba tun Bompai.

Kashegari da azahar Hag Sabri ya zo. Na ce masa da Larabcin littafi, don ya san ba da jahili yake magana ba, likita ta hana ni tashi, ni kuwa ba na saɓa wa likita. In yana son ɗakinsa, sai dai a ɗauke ni da gadon. Na zaci zai yi ta ihu. Sai ya ce, "Tamam." Ya leƙa ta taga ya yi kira.

Mutum huɗu suka shigo, ƙafafu manya, bakin riguna na share ƙasa. 'Yan dako ne daga Sa'id, kudancin Masar. Shugabansu, wanda suke kira Rayyis, ya zagaya gadon ya ɗan jijjiga ƙafarsa.

"Ya Hag, mun sauko da firiji daga hawa na goma, mun sauko da amarya da kujerarta. Riƙe ƙarfen nan. In ka ji ko motsi, ka tofa mini yawu."

Suka ɗaure ni da zani a ƙugu, suka ce bismillah, na tashi sama. A nan tsoro ya kama ni. Na ga wautata ƙarara: ido ɗaya, kumfa ɗaya, na ɗora su a kafaɗar mutanen da ban sani ba saboda wani fim. Amma bakin alƙalami ya bushe a wurina, ba zan ce a sauke ni a gaban takalmin nan ba. Lam yana gaba yana ja da baya, yana raɗa mini, "Ga kwanar nan, A-bak, ga ta nan."

Muka iso kwanar. Muka wuce.

Ko bango ba mu shafa ba. Abin da ni da Lam muka manta, mu da muka ga duniya, shi ne matakalar fim ɗin ta Hong Kong ce, inda mutum biyu ba sa gittawa sai ɗaya ya manne da bango. Wannan kuwa tsohon ginin Alƙahira ne, matakalar marmara mai faɗin da za a hau da raƙumi. Lam yana hawanta kullum, amma idonsa na fim ne. Kwana ta biyu ma haka. Mutanen nan suka sauke ni a bakin titi kamar ƙwai, ƙarƙashin rana, kusa da shagon mai guga. Aka jero akwatunanmu a gefe.

"A fim ba haka aka yi ba," in ji Lam, murya ƙasa-ƙasa.

"To a gaya wa fim ɗin," in ji Hajiya, da na fassara mata. Ta ware mayafinta ta yi mini rumfa.

Sai ƙafafu suka fara taruwa. Silifas, takalman makaranta, ƙafar mai guga da ba takalmi, tayar keken mai burodi. Alƙahira ba ta barin abin kallo ya wuce ta. Wata mata daga bene ta ƙwala, "Haram alaik, ya Hag Sabri! Tsoho, baƙo, marar lafiya!" Wani ya ce ai da takarda. Wani ya ce takardar banza. Lam-tai ta buɗe baki da Kantonanci, Hajiya ta kama mata da Hausa, matar bene na ba su amshi da Larabci. Na zauna a ƙasashe da yawa, ban taɓa jin an wanke mutum ɗaya da harshe uku a lokaci guda ba.

Na ɗaga murya ina kallon daɓen titi. Na faɗi sunana da na ubana da garinmu. Na ce na zo ƙasarsu neman magani don an ce mini Masar uwar duniya ce, ga shi uwar ta shimfiɗa ni a titi. Na ce ba zan roƙi kowa ba, a nan zan cika kwana biyar ɗin da suka rage, duk mai wucewa ya tambaya a gaya masa gidan wane ne.

Baƙin takalmin ya matso har gaban fuskata. Muryar ta sauko kusa da kunnena.

"Kana tozarta ni a unguwata, kana ɓoye fuska kamar mace. Ƙaryar ciwo kake yi. In kai namiji ne, ɗago ka dube ni."

Shekarata saba'in da ɗaya, ba a taɓa gaya mini haka na bar ta ta kwana ba. Na ji jijiyar wuyana ta miƙe da kanta. Goshina ya rabu da tawul. Sai wani tafin hannu ya sauka a ƙeyata, mai nauyi, mai warin albasa, ya mayar da ni.

"Wallahi Alhaji in ka ɗago sai na zauna a kanka," in ji Hajiya. "Ban baro 'ya'yana na zo nan don in koma da makaho ba. Bar shi ya yi ta haushi."

Na kwanta. Na ce wa daɓen titi, da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Zan dube ka, ya Hag. Amma ranar da na ga dama, da idon da ka so in zubar."

Jama'a suka yi sowa. Sai dai sowa ba ta buɗe ƙofa. Hag Sabri ya riga ya sa an sauya makulli, ya shiga motarsa ya tafi. Gidan dai na rasa shi. Rana ta fara cin bayana.

Lam-tai ta tsuguna, ta yi magana a hankali yadda zan gane kowace kalma: "Kun gama wasan, ku tsofaffin yara? To a hau." Ta tafa wa Rayyis hannu, ta nuna yatsu biyu. Na ce masa ban san yadda zan saka musu ba. Ya ce, "An biya mu mu sauko da kai. Hawan namu ne. Yalla ya rigala, mazaje ku ɗaga!"

Suka hau da ni hawa na biyu. Lam ya buɗe ƙofa, aka shigar da kan gadon, aka shigar da ƙafarsa, aka rufe. Sai na ji ƙarfe ya yi ƙara. Aka tura, shiru. Aka ja, shiru. Zauren gidan Lam dogo ne, amma ya jera kwalayen kayan waya dama da hagu har rufi, ya bar 'yar siririyar hanya. Mutumin Kanton ko fili ka ba shi sai ya mayar da shi lungu. Gado ya maƙale tsakanin kwalaye, ba gaba ba baya.

Sai Lam ya zame ya zauna a ƙasa. Dariya yake yi har numfashinsa na ɗaukewa, yana dukan daɓe, daga baya na ji dariyar ta koma wani abu dabam, yana jan hanci yana kiran uwarsa. Ni kuwa ina cije tawul, don likita ba ta ce a yi dariya irin wannan ba.

Na ce bari in sauka a kwance gadon a shigar da shi ciki. Lam ya rantse ba za a taɓa ba.

"Shekara arba'in ina kallon fim ɗin nan daga waje, A-bak. Yau ya shigo gidana, ka ce a kwance?"

A zauren nan na cika kwanakina. Kowace safiya mutumin da ya ba ni masauki sai ya yi rarrafe ta ƙarƙashina zai tafi Ataba, ya tsaya daidai fuskata ya ce in yi masa barka da wucewa. Abin ya dame ni. A fim azzalumi ne ke rarrafe, a nan kuwa mai alheri ne. Na gaya masa haka. Ya ce in rufe baki, ina ɓata masa wasa. Lam-tai ba ta yi rarrafe ko sau ɗaya ba. Ita da Hajiya suka kwashe layin kwalaye guda suka yi wa kansu hanya ta gefe, suka hana shi bi.

Rana ta goma muka koma Ma'adi. Likita ta ce, "Ɗago, ya Hag." Wuyana ya yi ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Ta haska, ta daɗe tana dubawa, har na fara karanta duk addu'ar da na sani. Sannan ta ce ya kama. Rabin ganina na sama ya washe, a ƙasa kumfar na rawa kamar ruwa a kwalba. Baƙin labulen babu shi. Na juya na ga Hajiya. Ta rame, ban sani ba.

"Me kake kallo?" ta ce. "Ba ka taɓa ganina ba?"

Sai da muka ƙara mako uku a wajen su Lam kafin a yarda in hau jirgi. Ustaz Kabiru bai sake kunna wayarsa ba, na bar shi da Allah da kuma bakin Hajiya, wanda ya riga mu isa Kano. Ana saura kwana biyu mu tashi, ina saukowa daga bene da ƙafata, sai na hangi baƙin takalmi mai sheƙi a kan bencin mai gadi. Na bi shi da kallo zuwa sama. Na zaci ƙato zan gani. Wani ɗan tsamurmurin tsoho ne, ya girme ni, da tabarau mai kauri, idonsa ɗaya ya yi fari fat.

Na je na tsaya a gabansa.

"Hag Sabri. Na zo in dube ka."

Ya gane muryar. Ya gyara zama, ya duba hagu, ya duba dama. Na jira zagi, na tanadi amsa da harshe biyar. Sai ya ce, a hankali, kamar mai tambayar hanya:

"Ya warke ke nan? Wace likita ce ta yi maka?"

Ban san ko ciwonsa irin nawa ba ne, kuma ban ga dalilin kwantar masa da hankali ba. Na karɓi alƙalamin mai gadi, na rubuta masa sunanta da Larabci, da hannuna, a kan layi.

"Ta iya aiki," na ce. "Amma za ta kifar da kai kwana goma. Tun yanzu ka fara tunanin wanda zai riƙe maka kai."

Ya karɓi takardar. Na ci gaba da dubansa da idona guda, ban ƙifta ba, har sai da ya sunkuyar da nasa kan.